Layi ɗaya ba ya nufin babu gyaɗa: kurakuran gwajin abinci a labo

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro ya san tsinken nan mai fitar da layi. Da irinsa ake neman gyaɗa, riɗi, madara ko ƙwai a cikin abinci saboda masu borin jini. Layi biyu akwai, layi ɗaya babu. A nan Damagaram, inda gyaɗa take cikin kilishi da yaji da miya, layi ɗayan nan ya fi ba ni tsoro, domin shi ya fi shirga ƙarya.

Sabon ɗalibi sai ya jiƙa ƙuli-ƙuli, ya tsoma tsinke, ya ga layi ɗaya, ya ce kayan aikin jabu ne. Ba jabu ba ne. Ƙwayoyin garkuwa biyu ne suke kama furotin ɗin gyaɗa a tsakiya, ɗaya mai launi, ɗaya a kafe kan layi. In furotin ya yi yawa, sai ya cika kowace daban, ba su haɗu ba balle launi ya fito. Maganin kawai a surka: kashi 1 cikin 10, sannan 1 cikin 100, a sake gwadawa. Sau da yawa a nan layin zai bayyana.

Toyayyen abu kuma wata matsala gare shi. Wuta tana dunƙule furotin ɗin gyaɗa irin wanda ake kira Ara h 1, ya ƙi narkewa a ruwan da ake tatso shi da shi daga abincin, ga maiƙo yana rufe shi. Garin dawa ma yana da sinadarin tanin mai riƙe furotin. Kafin ka yarda da "babu", zuba gyaɗa ƴar kaɗan wadda ka san nauyinta cikin wani kashi na abincin. In gwajin bai gan ta ba, sakamakonka na farko ba shi da amfani.

Kada a ɗebi cokali ɗaya daga bakin buhu. Ɓarɓashin gyaɗar da ya biyo injin niƙa ba ya bazuwa daidai. A ɗebo sama, tsakiya da ƙasa, a niƙe tare.

Kayan ELISA, wato gwajin labo mai auna yawan furotin, suna son sanyin digiri 2 zuwa 8. A watan Afirilu da Mayu zafinmu yana wuce 40, wuta ta ɗauke, firigo ya huce. A ajiye ma'aunin zafi a ciki ana rubutawa, a riƙa haɗawa da samfurin da aka tabbatar yana da gyaɗa.

Masu ɗokin gwajin PCR su tuna DNA, wato sinadarin gadon halitta, yake gani, furotin kuwa shi ke tayar da bori. Ba ya bambanta madara da naman saniya, ko ƙwai da naman kaza. Kuma takardar gwajin afalatokisin da ƴan kasuwa ke nunawa maganar dafin fumfuna take yi, gwaji ne daban da nasa tsinken.