Kafin ka murɗa totur a kan ruwa

Wannan na samarinmu ne da ke ɗaura wa kwale-kwale inji a kogin Kaduna ko dam ɗin Kangimi, musamman waɗanda suka baro acaba suna ganin ai totur duk totur ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Babur kana sakin hannu totur ya koma da kansa, ga birki a ƙafa, shi ko injin jirgi irin Yamaha ɗin nan mai doki 15 ko 40 ba shi da birki ko na magani, kuma akwai ɗan noti a jikin hannun da ake matse totur da shi, in an matse ya yi tauri to inda ka bar shi nan zai zauna, kana cikin jirgin ko ka faɗa ruwa shi ba ruwansa.

Shi ya sa nake farawa da jar igiyar nan mai kama da wayar tarho ta da, wadda mutane ke naɗewa a jikin inji kamar ado. Bakinta ɗaya ɗan maƙale ne da ke shiga maɓallin kashewa, ɗayan kuma a jikinka ya kamata ya kasance, a hannu ko a cinya ko jikin rigar ruwa mai hana nutsewa. Kana faɗawa ta fizge, inji ya mutu. Ni ganau ne ba jiyau ba, wata rana iska ta ɗauke min hula na miƙe zan cafke, jirgi ya karkata sai ji na na yi tsundum, kafin in ɗago kai inji ya yi tsit jirgin na can gefe yana lilo. Da ba ta jikina, hannun injin gefe ɗaya zai kwanta jirgin ya kama zagaye, kuma kan wanda ya faɗa yake dawowa da farfela. Hular dai ta tafi.

Wajen tayarwa, ka tabbata farfela na cikin ruwa, don ruwan kogin ne ke sanyaya injin, in ka tada shi a tudu robar famfon ruwan nan da nan take ƙonewa. Ka kwance ɗan murfin iska na saman tanki, ka matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo har ta yi tauri, giya a firi, totur a kan alamar tayarwa, in da sanyin safiya ne ka ja cok. Igiyar tada injin kuma ba fizga ake daga farko ba, ka jawo a hankali har ka ji ta kama sannan ka ja da ƙarfi, amma ka waiga tukun kar ka fasa wa wani baki da gwiwar hannu. Ya tashi? Mayar da cok, leƙa baya ka ga siririn ruwa na tsartuwa kamar fitsarin yaro. In babu shi kashe, wani abu ya toshe, yawanci leda ce ko yashi.

Mai kuwa, masu haɗin fetur da baƙin mai galibi 50 da 1 ne, wato tankin lita 25 rabin litar baƙin mai, amma ka duba abin da aka rubuta wa naka.

Giya uku ce kacal, gaba, firi, ribas. Kar ka taɓa ta sai totur ya sauka ƙasa, kuma ka tura ta lokaci ɗaya, masu lallaɓa ta su ne kake jin ƙurrr haƙoran na cin juna. Daga gaba zuwa ribas ka ɗan dakata a firi. Sai abin da ke rikita sabon hannu: ka tura hannun inji hagu, kan jirgi dama zai yi, kuma gindin jirgin ne ke shara ba goshi ba, don haka in kana barin gaɓa ko kana kusa da ƙafar gada ka lura da bayanka. Ka je inda ba kowa ka yi ta gwadawa a hankali har hannu ya saba, kana zaune, ba tsaye ba.

Akwai ɗan makullin da ke riƙe inji kar ya ɗago. In za ka yi ribas ka kulle, in ba haka ba farfela za ta ɗago injin sama. In gaba kake yi da rani, lokacin da duwatsu da tudun yashi suka fito a kogin nan, gara ka sake shi don in ƙasan ya daki dutse ya ɗaga maimakon ya karye. Agusta da Satumba kuma ruwa ya cika ya yi ja, ba ka ganin kututture ko tarkacen da ya kwaso daga unguwanni, rage gudu kawai. Abu ya naɗe farfela, kashe inji ka zare maƙalen ka riƙe a hannunka sannan ka sa hannu. Haka in akwai mutum a ruwa kusa da kai, firi bai isa ba, kashewa ake.

Tsayawa tunda ba birki, tun daga nesa kake sauke totur, ka fuskanci inda ruwa ke gangarowa shi zai rage maka gudu, ka sa firi jirgi ya ƙarasa da kansa.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta rigar ruwa ta kuma hana tafiyar dare, ni dai ko ba ma'aikaci a bakin ruwa ba na tashi sai kowa ya sa. Ka ajiye filafili biyu a ciki, da maƙale na biyu inda yaron jirginka ya sani, don in ka faɗa da naka a hannu da shi zai tada inji ya dawo ya ɗauke ka.