Shawara ga masu aikin bishara a ƙasashen waje lokacin kulle

'Yan'uwa masu aikin bishara a ƙasashen waje, idan aka sa dokar kulle, kada ku dogara da Zoom kaɗai. A 2020, da korona ta rufe majami'u, membobi da yawa ba su da kuɗin data na bidiyo.

Ku ɗauki wa'azi a murya, minti 5 ya isa, ku tura ta WhatsApp da harshen mutanen wurin. Tsofaffi masu ƙaramar waya kuwa, kira za ku yi, ku yi addu'a tare, ku tambaya ko akwai abinci a gida. Wasu ba za su faɗa ba sai an tambaya.

Kuma don Allah ku duba ranar ƙarewar bizarku tun da wuri, domin ofisoshin shige da fice ma kan rufe.