Kurakuran da Aka Fi Yi Kan Tarihin Kanada Tsakanin Yaƙe-yaƙen Duniya Biyu

Duk wanda ya zauna zai yi rubutu ko nazari kan Kanada daga 1919 zuwa 1939, tarkon da ya fi kama shi shi ne ya ɗauko labarin Amurka ya sauya masa suna kawai. Makwabtaka ce ta jawo haka, sai dai Kanada ta wancan lokaci ƙasa ce da yawan jama'arta bai wuce miliyan 10 da 'yan kai ba a ƙidayar 1931, arzikinta yana rataye da abin da take sayarwa a ƙetare, kuma har lokacin igiyar Birtaniya ba ta gama kwancewa daga wuyanta ba.

Kuskure mafi yawa shi ne a fara labarin karayar tattalin arziki daga faɗuwar kasuwar hannun jari ta New York a Oktoban 1929, a kuma tsaya a nan. Wanda yake son fahimtar abin da ya sami Kanada, gona ya kamata ya nufa. Lardunan Manitoba da Saskatchewan da Alberta sun dogara kacokan kan alkama, kuma a 1928 sun yi girbin da ba su taɓa yin irinsa ba, a daidai lokacin da kasuwar duniya ta riga ta cika da hatsin Ajantina da Ostareliya. Awon alkama da suke kira bushel, wanda ake sayarwa sama da dala ɗaya da rabi a 1929, ya koma ƙasa da santi 40 a ƙarshen 1932. Ana cikin haka fari ya sauka, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana turnuƙe gari da ƙura har a kunna fitila da rana tsaka, fara kuma ta cinye ɗan abin da ya tsira. Kuɗin shigar mutumin Saskatchewan ya ragu da kusan kashi 72 cikin ɗari a cikin shekaru huɗu zuwa biyar. Manomin da ya sayi mota lokacin wadata ya rasa kuɗin mai, sai ya cire injin ya ɗaura wa motar dawaki, mutane suka raɗa mata sunan keken Bennett don zolayar firaministan lokacin. Manoman gyaɗa na ƙasar Kano sun ɗanɗani irin wannan faɗuwar farashi a cikin shekarun nan, don haka mai karatu Bahaushe ya san ciwon dogaro da amfanin gona guda ɗaya.

Haka nan kuskure ne a rubuta cewa bankunan Kanada sun durƙushe kamar na Amurka. Dubban bankuna sun rufe a can, amma ko ɗaya bai karye ba a Kanada a shekarun 1930, domin bankunanta 'yan kaɗan ne, manya, masu rassa a ko'ina. Wannan bai hana talauci ba, domin a 1933 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba su da aikin yi.

Shekarun 1920 ma ana yawan zana su a matsayin zamanin holewa ga kowa, alhali an shiga cikinsu ne da yajin aikin gama-gari na birnin Winnipeg, inda ma'aikata kimanin 30,000 suka ajiye aiki daga 15 ga Mayu 1919 har makonni shida, kuma 'yan sandan doki suka far wa taron jama'a a ranar 21 ga Yuni, mutum biyu suka rasa rayukansu. Lardunan gabar tekun Atlantika ba su ga wadatar ba sam, masu haƙar kwal na Cape Breton sun sha yajin aiki da yunwa, har 'yan sandan kamfani suka harbe ɗaya daga cikinsu, William Davis, a 1925. Gyaran a nan shi ne marubuci ya riƙa faɗin lardin da yake magana a kansa.

Sai batun 'yancin kai, wanda a ganina shi ne ya fi rikita ɗalibai, domin suna neman rana guda irin ta 1 ga Oktoba 1960. Kanada ba ta da irin wannan rana, a hankali ta zare jikinta. A 1922 firaminista Mackenzie King ya ƙi aika soja kai tsaye lokacin da Birtaniya ta nemi taimako a rikicin Chanak da Turkiyya, ya ce sai majalisa ta yanke. A 1923 Kanada ta sa hannu kan yarjejeniyar kamun kifi da Amurka ba tare da jakadan Birtaniya ya sa nasa ba. Dokar Westminster ta 1931 ta ba ta ikon yin dokokinta da tafiyar da harkokinta na waje, amma ikon gyara tsarin mulki ya ci gaba da zama a Landan har 1982, ɗaukaka ƙara zuwa kotun majalisar Sarki da ke Landan kuma bai ƙare ba sai 1949. Wanda ya rubuta cewa Kanada ta sami cikakken 'yanci a 1867, shekarar da aka kafa tarayyarta, ko ma a 1931, ya gajarta labarin fiye da kima. A kuma kiyaye da taswira: Newfoundland ba ta cikin Kanada a wannan zamani, sai a 1949 ta shiga.

Wannan kotu ta Landan ita ce ta bayyana wani kuskuren. Ana kwatanta shirin farfaɗo da tattalin arziki da firaminista R. B. Bennett ya sanar ta rediyo a Janairun 1935 da shirin shugaba Roosevelt na Amurka, kamar abu ɗaya ne. Bennett ya zo da nasa ne bayan shekara huɗu da rabi yana mulki, zaɓe ya ƙarato, ya kuma sha kaye a hannun King a wannan shekara, sannan a 1937 kotun ta soke mafi yawan dokokin bisa hujjar cewa hurumin larduna ne. Sai da aka gyara tsarin mulki a 1940 kafin a sami inshorar rashin aikin yi. Abin da matasa marasa aure suka samu a lokacin Bennett shi ne sansanonin aiki a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ana biyansu santi 20 a rana. A Yunin 1935 kimanin dubu daga cikinsu suka hau saman jiragen ƙasa na kaya daga Vancouver za su kai kukansu Ottawa, aka tare su a Regina, aka kuma yi kazamin artabu a ranar 1 ga Yuli. Ba daidai ba ne kuma a ce Bennett bai bar komai ba, tunda Babban Bankin Kanada da hukumar sayen alkama duk a 1935 suka fara aiki. Fushin talakawa ya haifi sababbin jam'iyyu: CCF, jam'iyyar manoma da ma'aikata, a 1932 ƙarƙashin J. S. Woodsworth, wanda aka taɓa kamawa a yajin Winnipeg, da Social Credit da ta karɓi mulkin Alberta a 1935.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne rubuta cewa matan Kanada sun sami 'yancin zaɓe a 1918, a rufe babin. Matan Quebec ba su jefa ƙuri'a a zaɓen lardinsu ba sai bayan dokar 1940, kuma sai da mata biyar daga Alberta suka kai ƙara har Landan kafin a yanke a 1929 cewa mace tana iya zama sanata. Dokar 1923 ta rufe ƙofa ga 'yan China kusan gaba ɗaya har 1947. A 1939 gwamnati ta ƙi karɓar Yahudawa sama da 900 da ke cikin jirgin ruwan St. Louis suna gudun Hitler. 'Yan asalin ƙasar kuwa, gyaran doka na 1920 ya tilasta wa 'ya'yansu masu shekara 7 zuwa 15 shiga makaranta, aka raba dubbai da iyayensu zuwa makarantun kwana inda ake hukunta yaro don ya yi magana da harshen uwarsa, kuma da yawa suka mutu da tarin fuka. A 1927 aka haramta wa 'yan asalin ƙasar tara kuɗi don ɗaukar lauya kan filayensu ba da izinin gwamnati ba, haramcin da bai tashi ba sai 1951, 'yancin zaɓen tarayya ba tare da sharaɗi ba kuma bai iso gare su ba sai 1960.