Kurakuran da masu ƙaura zuwa Ingila suka fi yi wajen sayen gida da biyan haraji

Mutumin da ya bar Kano ko Kaduna ya tafi aiki Ingila, likita ne ko ma'aikaciyar jinya ko malamin jami'a, yakan ɗauka cewa abin da ya bari a gida babu ruwan hukumomin sabuwar ƙasa da shi. Daga wannan zato ne kurakurai mafi tsada suke tasowa, domin hukumar haraji ta Birtaniya, wato HMRC, tana tambayar abin da mutum ya mallaka a ko'ina cikin duniya.

Wanda ya fi cin aljihu shi ne na harajin sayen gida, wanda ake kira Stamp Duty a Ingila da Ireland ta Arewa. Mutane da yawa suna yin lissafinsu bisa rangwamen da ake yi wa mai sayen gidansa na farko, wanda ba ya biyan komai a kan fam 300,000 na farkon farashi. Amma sharaɗin rangwamen shi ne mutum bai taɓa mallakar gidan zama ba a kowace ƙasa, ko da saye ko da gado, don haka wanda ya gaji kaso a gidan mahaifinsa a Zariya ya riga ya fita daga cikinsa. Idan kuma har yanzu yana da gida a Najeriya, kuma darajar abin da ya mallaka ta kai fam 40,000, to sabon gidan ya zama na biyu a idon doka, sai a ɗora masa ƙarin kashi 5 cikin ɗari, wanda kafin 31 ga Oktoba 2024 kashi 3 ne. Gidan da ke da sunan mata ana lissafa shi a kan mijinta, haka ma na miji a kan matarsa. Akwai kuma wani ƙarin kashi 2 ga wanda bai cika kwana 183 a Birtaniya ba cikin watanni 12 da suka gabaci sayen. A gidan fam 250,000, mai sayen farko ba zai biya ko sisi ba, wanda ya taɓa mallakar gida ya sayar zai biya fam 2,500, mai gida a Najeriya zai biya 15,000, idan kuma sabon zuwa ne kuɗin ya kai 20,000.

Gyaran wannan yana farawa ne daga faɗa wa lauya gaskiyar duk abin da aka mallaka tun kafin a taya gida. Filin da ba a gina ba ba ya cikin lissafi. Wanda gidansa na Najeriya shi ne ainihin mazauninsa kafin ya yi ƙaura, idan ya sayar da shi cikin shekara 3 bayan sayen sabon, yana iya neman a mayar masa da kashi 5 ɗin. Shi ma kashi 2 ana mayarwa idan mutum ya cika kwana 183 ɗin cikin shekarar da ta biyo baya, muddin ya nema kafin shekara 2 ta wuce. Ɓoye gidan gado da tunanin babu wanda zai sani ba dabara ba ce, domin bayanin da ake miƙawa cikin kwana 14 da kammala ciniki yana kan wuyan mai saye, kuma ƙarya a cikinsa tana jawo tara.

Wasu kuma cinikinsu yana rushewa ne a kan asalin kuɗin kafin alƙalami. Doka ta wajabta wa lauya ya binciki inda kowane fam ya fito, kuma kuɗin adashi, ko wanda aka canza a hannun 'yan canji babu rasit, ko wanda wani ɗan'uwa ya turo babu bayani, duk suna iya tsayar da aiki. Ya kamata a ajiye takardar sayar da fili, da bayanan asusun banki, da wasiƙar wanda ya ba da gudummawa mai tabbatar da cewa kyauta ce ba rance ba.

Kuɗin hayar gida ko shago da ke shigowa a Najeriya shi ma ana yawan mantawa da shi. Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ranar 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun da ke biye, kuma wanda ya yi kwana 183 a cikinta ya zama mazauni, ana bin sa haraji a kan abin da ya samu a ko'ina. Daga 6 ga Afrilu 2025 an ba sabon zuwa, wanda bai zauna a ƙasar ba cikin shekara 10 da suka gabata, sassaucin shekara 4 a kan kuɗin shigarsa na waje. Sai dai sassaucin sai an nema, kuma wanda ya nema yana rasa fam 12,570 na kuɗin shigarsa da ba a cire wa haraji, saboda haka mai ƙaramar haya zai iya yin asarar da ta fi abin da ya tsira da shi. Yarjejeniyar da Najeriya da Birtaniya suka sa wa hannu a 1987 ta ba da damar a rage abin da aka riga aka biya a Najeriya, amma sai da rasit. Rajista da HMRC ba ta wuce 5 ga Oktoba bayan ƙarewar shekarar, miƙa bayani ta intanet kuma ba ya wuce 31 ga Janairu.

A lura kuma cewa galibin gidajen da ke cikin manyan benaye haya ce mai dogon zango ake sayarwa, tare da kuɗin kula da gini duk shekara, kuma idan shekarun da suka rage sun yi ƙasa da 80, samun bashin banki da sake sayarwa sukan yi wuya. Sayen gida kuma ba ya ba kowa izinin zama a ƙasar.

Abin da ya fi damuna shi ne batun gado, domin ba a gane kuskurensa sai mai shi ya kwanta dama. Ma'aurata kan rubuta gida da sunansu su biyu ta hanyar da idan ɗaya ya rasu gidan ya koma ga ɗayan gaba ɗaya, ko wasiyya ba ta iya canza hakan, sai iyaye da sauran magada su tashi babu komai. Musulmin da yake son a raba dukiyarsa bisa shari'a ya nemi lauya ya rubuta wa miji da mata kowa kasonsa daban a gidan, sannan ya yi wasiyyar da dokar Ingila ta yarda da ita, da shaidu biyu, domin idan babu ita dokar ƙasar ce za ta yi rabon. Ya kuma sa harajin gado cikin lissafinsa, wanda a asali kashi 40 ne a kan abin da ya haura fam 325,000, kuma yana hawa kan dukiyar da ke Najeriya da zarar mutum ya zauna shekara 10 cikin 20 a Birtaniya.