Kurakuran da na gaji da gani a rahoton muhalli na shingen tare yashi a bakin teku

Aikina a Abuja karanta daftarin rahoto ne. Duk mai shirin babban gini, doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta masa kawo rahoton tantance illar aikin ga muhalli, wanda kowa a harkar ke ce wa EIA, kuma kafin rahoton ya isa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya yakan bi ta hannun ire-irena. A 'yan shekarun nan ƙannenmu da suka fito daga jami'o'in Jos, Zariya da Kano sun shigo harkar sosai, abin da ke faranta mini rai. A aikin hanya, madatsar ruwa ko ma'adinai ba na samun matsala da su. Amma da zarar aiki ya zama na bakin teku sai su faɗi, kuma kusan a wuri ɗaya suke faɗuwa. Na gaji da jan biro a kan abu guda.

Shingen da nake magana a kai dogon tulin duwatsu ne da ake shimfiɗawa daga tudu ya miƙe cikin teku, a jera su bi da bi a gefen gaɓa. Ba katangar da ke bin tsawon gaɓa ba ce, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. A gaɓar Legas igiyar ruwa daga kudu maso yamma take zuwa. Tana bugun gaɓa a karkace, ta tura yashi sama a karkace, ta janyo shi ƙasa a miƙe, wata ta zo ta maimaita. Haka dare da rana, har yashin ya zama yana tafiya daga yamma zuwa gabas, ɗaruruwan dubban kubik mita a shekara. Shinge tsayawa yake yi a kan wannan hanya ya tare shi.

Daga nan babban kuskure yake farawa. Shinge ba ya ƙirƙirar yashi ko ƙwaya ɗaya. Duk abin da ya taru a yammacinsa rabon wani ne da ke gabas. Amma sai in buɗe daftari in ga taswirar yankin da aiki zai shafa ta tsaya cak a kan shinge na ƙarshe, an zagaye ta da jan layi, an rubuta cewa aikin zai kare gaɓa kuma illarsa kaɗan ce. Kaɗan ga wa? Mutumin da gidansa ke kilomita ɗaya ko biyu gabas da jan layin nan shi ne zai biya kuɗin aikin da ɗakinsa, kuma ko sunan ƙauyensa babu a rahoton.

Ba sabon darasi ba ne. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun dutse a bakin shiga tashar jiragen ruwa ta Legas don kada yashi ya toshe hanyar jirage. Sun cim ma burinsu. Yashi ya taru a yamma, gaɓar Lighthouse ta yi ta ƙara faɗi, ita kuwa Bar Beach da ke gabas ta shiga ramewa, har akwai lokacin da teku ke cin mita 25 zuwa 30 a shekara. Daga 1958 aka yi ta zuba mata yashi, teku na kwashewa, ana sake zubawa. Waɗanda suka zauna a Victoria Island sun san shekarun da ruwa ke haurowa titin Ahmadu Bello. A Ghana an kare garin Keta da shingaye a farkon shekarun 2000, zaizayar ta matsa gabas wajen iyakar Togo. A Lome da Kwatano tashoshin jiragen ruwa da aka gina a shekarun 1960 sun yi wa gabashinsu irin wannan ta'adi, har sai da Togo da Benin suka haɗa kai a aiki ɗaya ƙarƙashin WACA, shirin Bankin Duniya na kula da gaɓar Afirka ta Yamma, saboda sun gane cewa abin da ɗaya ya tare ɗayan ne ke rasawa. A Lekki ma, bayan jerin shingayen da gwamnatin Legas ta gina har wajen Alpha Beach, ku je ku ji abin da mutanen garuruwan da ke gabas da su suke faɗa. Ɗan Arewa bai kamata wannan ya ba shi wuya ba. Mun ga abin da madatsun Tiga da Challawa suka yi wa fadamun Hadeja da Nguru: na sama ya tare, na ƙasa ya kwana da ƙishi. To a bakin teku yashi ne ke gudu, gabas kuma ita ce ƙasan kogi.

Ga yadda nake yi, ko da wasu abokan aiki suna ganin na cika tsanani. Ba na fara karanta rahoto daga babi na ɗaya. Taswira nake buɗewa, in aza yatsa a kan shinge na ƙarshe, in ja shi gabas har in iske wani abin da ke yanke tafiyar yashi da kansa, bakin kogi ko wata katanga. Duk abin da yatsana ya bi ta kansa yana cikin yankin bincike. Bayan haka ina neman lissafin yashi: nawa ke shigowa a shekara, nawa shingayen za su riƙe kafin su cika, shekara nawa gabas za ta yi tana jira. Idan babu wannan lissafin, daftarin komawa yake yi. Ina kuma dagewa a cika tsakanin shingaye da yashi tun lokacin gini, don wanda ke tafe ya samu ya wuce, a kuma riƙa rage tsawon shingayen ƙarshe sannu a hankali maimakon a yanke jerin da dogo guda. Abu na ƙarshe, kuma shi ne 'yan kwangila ba sa so: a rubuta ƙarara wa zai zuba yashi a gabas idan gaɓa ta fara ja da baya, da kuɗin wa, kuma a mita nawa na asara za a fara.

Kuskure na biyu shi ne wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ƙa'idar manyan ayyuka ita ce a tattara bayanan fili a rani da damina. A aikin tudu wasu na ɗaukar wannan a matsayin cika sharaɗi. A teku kuwa shi ne aikin gaba ɗaya. Tekun Janairu da na Agusta ba abu ɗaya ba ne. Lokacin hunturu yakan lafa, gaɓa ta yi faɗi. Da damina igiya kan yi ƙarfi ta janye yashi cikin ruwa, kuma a lokacin ne ake samun tumbatsa irin wadda ta kashe mutane a Kuramo cikin Agustan 2012.

An taɓa ba mu wani aiki, mai aikin yana ta gaggawa, wai kuɗinsa na da wa'adi. An yi awon rani lafiya. Da aka zo na damina, sai wani ma'aikacin fili, da matsin lamba daga sama, ya cike jadawalin da alkaluman da ya kwaso daga wani tsohon rahoto na wata gaɓa daban. Jadawalin ya yi kyau a ido, rahoto ya tafi da sunayenmu duka a shafin farko. Ranar zaman kwamitin masana wani dattijon farfesa ya cire tabarau, ya ɗaga shafin sama, ya ce gishirin ruwan da aka rubuta nan na bakin kogi ne, ba na buɗaɗɗen teku ba, a gaya masa ranar da aka ɗebi samfurin da sunan wanda ya ɗebo. Ɗakin ya yi tsit. Aka dawo da rahoton, sai jiran wata damina. Mai aikin ya janye, albashi ya tsaya, matasan da ba su ji ba ba su gani ba suka koma gida, ni kuma na daɗe ina shiga ofisoshi ana kallona da wannan abin. Sauri ya haifi nawa.

Da na tambayi yaron daga baya, cewa ya yi, “Wallahi Oga, an ce mini duk teku ɗaya ne.” Ban ga laifinsa kamar na wanda ya faɗa masa haka ba. Amma ku ji ni da kyau, ƙannena: ranar da za a tuhumi alkaluma, wanda ya matsa maka ba ya cikin ɗakin. Kai ne a tsaye. Kada ka sa hannu a kan lambar da ba ka ga inda ta fito ba. Kada ka buɗe tsohon rahoto ka canza sunan gari ka ce ka yi aiki. Na taɓa karanta daftarin gaɓar teku da ya lissafa kuka da ɗorawa a cikin itatuwan wurin, a inda babu komai sai kwakwa da ciyawar yashi. Wannan ba kasala ba ce kawai, cin amana ne, domin da takardar nan za a yanke hukunci kan gidajen mutane. Yanzu ba na karɓar awon fili sai da hoto mai kwanan wata, da lambobin GPS, da littafin fili na hannu mai dattin yashi a jikinsa. Idan mai aiki ba zai iya jiran damina ba, ya nemi wani. Tsoffin bayanan igiya da na gaɓa kuwa, a je a nema a cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island, a kuma faɗi cewa daga can aka samo.

Sai batun jin ta bakin jama'a. Abin da nake gani shi ne hoton zama ɗaya a fadar basarake, da takardar sunaye, shi ke nan. Ajiye rahoto na kwanakin aiki 21 a sakatariyar ƙaramar hukuma wajibi ne, amma masunci ba ya zuwa sakatariya karanta shafi ɗari huɗu. Ku sauka bakin ruwa da asuba lokacin da kwale-kwale ke dawowa. Ku tambayi inda suke jan jirgi tudu, domin shinge na iya raba su da masaukinsu. Ku tambayi matan da ke banda kifi. Kuma ku nemi 'yan'uwanmu da ke cin abinci a wurin, masu shayi, masu tsire, masu hayar dawaki, ga shi harshe ɗaya kuke ji. Wani dattijo mai doki ya taɓa riƙe hannuna ya nuna mini cikin ruwa ya ce, “Malam, ka ga inda igiyar can ke fashewa? Nan nake ɗaure dokina bara waccan.” Na auna da ido, nisan ya fi abin da hotunan da ke hannuna suka nuna. Rabin waɗannan zama a gabas da aikin nake so a yi su, ba wajen waɗanda za su amfana ba.

Da yawa kuma sukan rubuta cewa za a cika da yashi, ba su faɗi daga ina ba. Idan kusa da gaɓa za a yaso shi, ramin da aka bari zai janye yashin gaɓar ya cike kansa, an yi tufka da warwara. A faɗi wurin, zurfinsa, nisansa, izinin da aka samu, da girman ƙwayar yashin, domin wanda ya fi na wurin laushi ba ya kwana. Duwatsun ma ba daga sama za su faɗo ba: daga wuraren fasa dutse za a kwaso su, tifa bayan tifa ta cikin unguwanni, kuma wannan ma illa ce da ke buƙatar shafinta.

Najeriya na da gaɓa mai tsawon kusan kilomita 853, kuma ba iri ɗaya ba ce. Ayetoro a jihar Ondo, garin da aka kafa a 1947 kuma teku ke cinyewa, a kan laka yake. Shingen tare yashi a inda babu yashi asarar dutse ce, ga nutsewa. A wasu sassan Neja Delta ma yashin ba gabas yake nufa ba, don haka kada a kwafi kibiyar Legas a manna ko'ina.

Sauran ƙanana ne, amma suna dawo da rahoto. Kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam ba tare da duba ko teku ya cika ko ya janye a lokacin ɗauka ba yana haifar da zaizayar ƙarya ko ya ɓoye ta gaske. Gindin shinge ya shiga tudu sosai, in ba haka ba ruwa zai zagaya ta bayansa. Kusa da shinge akan samu ruwa mai ja zuwa ciki wanda ke tafiya da masu wanka, a tanadi alluna da masu ceto. Kunkurun teku na hawa gaɓar Legas yin ƙwai, a san watanninsu kafin a sa katafila a kan yashi. Dokokin 2011 na NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, kan kare gaɓa da teku a karanta su, ba a jera sunansu kawai ba. Hauhawar teku ta shiga lissafin tsayin shinge. Babin zaɓuɓɓuka kuma ya auna zuba yashi kaɗai, da matsar da gini baya, da barin aikin ma, da gaske, ba layi biyu na sallama ba.

Babin sa ido bayan gini shi ne ake rubutawa a gajiye, da jimla ɗaya cewa za a riƙa duba gaɓa lokaci zuwa lokaci. Ni ina so a kafa turakun siminti a tudu, masu lamba, daga yammacin shinge na farko har ƙarshen yankin gabas, a auna daga kowane turke zuwa bakin ruwa kafin a jefa dutsen farko, sannan duk wata uku, aƙalla shekara biyar. A rubuta sunan ofishin da zai auna, kuɗin ya fito a kasafin aikin, kuma kwafin kowane awo ya isa hannun shugabannin ƙauyukan gabas.