Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Sauya Shokabzoba Da Sifirin Na Babur

Da zarar bayan babur ya fara bugawa a cikin rami, maganar da mai shi ke zuwa da ita wurin makaniki kusan ɗaya ce: "Maigida, a sa mini mai tauri." Sai a ɗauko shokabzoba mafi kaurin sifirin a shagon, a ɗaura, a karɓi kuɗi. Ba a jima ba mutumin zai dawo yana kukan ciwon ƙugu, tayar baya kuma sai tsalle take yi a kan gargada. Yawancin ɓarnar daga nan take farawa: an sayi kaya ba a auna babur ba, ba a kuma tambayi nauyin da yake ɗauka kullum ba.

Abubuwa biyu ne ke aiki a cikin shok, wato shokabzoba. Sifirin shi ke riƙe nauyi. Man da ke cikin bututun kuwa, wanda ke matsewa ta wasu ƙananan kafofi, shi ke hana sifirin yin ta lilo bayan ya lotsa. Idan sifirin ya fi ƙarfin man, shok zai riƙa harbowa da sauri, taya ta riƙa rabuwa da ƙasa, kuma tayar da ba ta kan ƙasa ba ta jin burki. Shi ya sa ɗora sabon sifirin mai kauri a kan tsohon shok da mansa ya tsiyaye asarar kuɗi ce kawai. Gwajin ba wuya: danna bayan babur da ƙarfi ka saki. In ya taso sau ɗaya ya tsaya, da sauran ransa. In ya yi ta sama da ƙasa, ko ka ga danshin mai da ƙura sun manne a jikin sandar, shok ɗin gaba ɗaya za a sauya, kuma biyun tare. Sabo a dama, tsoho a hagu, babur zai riƙa karkata a kwana.

Awon da ya kamata a yi kafin a je kasuwa, tef kawai yake buƙata da mutum biyu. Ka ɗora babur a kan sitan na tsakiya har tayar baya ta saki jiki, ka auna daga notin tsakiyar taya zuwa wata alama da ka yi daidai samansa a jikin kariya. Sai ka sauke shi, mai babur ya hau ya ɗora ƙafafunsa inda ya saba, da irin lodin da yake ɗauka, wani ya riƙe masa kan. Sake aunawa. Bambancin ya kamata ya kai kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar tayar sama da ƙasa. Misali, in tafiyar milimita 90 ce, lotsawar ta tsaya tsakanin kimanin 23 da 30. In ta zarce haka sosai, sifirin ya yi laushi. In kuwa da ƙyar ya motsa, ya yi tauri, kuma irinsa ne ke karya ƙugun ɗan acaba da ke wuni a kan babur.

Akwai wani zobe mai hawa-hawa a jikin shok, yawanci hawa biyar ne. Mutane da yawa suna ɗauka in an murɗa shi sifirin ƙara ƙarfi yake yi. Ƙarfin sifirin yana nan yadda aka ƙera shi. Abin da zoben ke yi shi ne ɗaga bayan babur don ya sami sauran wurin lotsawa. In ka kai shi hawa na ƙarshe amma har yanzu bayan na zama ƙasa, to a nan ne ake neman sifirin da ya fi ƙarfi. A tabbata hawan dama da na hagu ɗaya ne, a kuma murɗa da sifana mai ƙugiya. Guduma da sukundireba haƙoran zoben suke cinyewa.

Sai batun tsawo. Ana son babur ya ɗaga baya don ado, ko don kada ya taɓa ƙasa a hanyar ƙauye, sai a sa shok ɗin wani babur da ya fi tsayi. In baya ya ɗaga, ƙafar gaba tana ƙara miƙewa tsaye, kan babur ya yi sauƙin juyawa fiye da kima, in an yi gudu ya fara rawa. Sarƙa ma sai ta sauya zama, sitan na gefe ya gajarce har babur ya nemi kifewa in an jingine shi. In shok ya yi gajere kuma, taya ta riƙa gogar madigadi. Ka cire tsohon ka je da shi, ko ka auna daga tsakiyar ramin noti na sama zuwa tsakiyar na ƙasa, ka sayi daidai shi. Ka duba faɗin ramin ma. Bayan ɗaurawa a sake saita sarƙa da mutum a kan babur, a bar mata ɗan sassauci, domin tana ƙara tsukewa yayin da shok ke lotsawa.

Masu jigilar buhunan hatsi da jarkoki daga kasuwannin ƙauye suna da tasu dabara: a kai wa mai walda ya ƙara kunnuwa, a ɗaura shok huɗu. Na fahimci dalilinsu, neman abinci ne, amma ba na goyon bayan wannan aiki. Nauyin da shok ya ƙi lotsawa a ƙarƙashinsa bai tafi ko'ina ba, ya koma kan ƙarfen jikin babur ne, da sifok, da taya. Galibi tsagewar daga gefen waldar take fara bayyana. Burkin kuma shi ne dai wanda kamfani ya sa tun farko. Irin su Bajaj Boxer suna zuwa da ƙaramin sifirin a cikin babba daidai don ɗaukar lodi, kuma shok guda biyu nagari irin nasu sun fi huɗu na jabu. Haka nan yanke sifirin ko gasa shi da wuta: yankewa tauri take ƙara masa tana rage tafiyarsa, wuta kuma kashe ƙarfen take yi.

Gaba ne aka fi mantawa. An gyara baya ya yi tsaf, an bar ƙafar gaba da man da ya zama ruwan kwata, sai a taka burki babur ya durƙusa. Wanda ma ya tuna, sau da yawa baƙin man inji ake zuba masa. Man fok, wato man ƙafar gaba, daban yake, an yi shi ne don kada ya yi kumfa, kuma mai lamba 10W shi ne aka fi amfani da shi a ƙananan babura. A auna shi da sirinji ko kofin awo gwargwadon abin da littafin babur ya faɗa, ƙafa biyun daidai wa daida. In ya yi yawa, iskar da ke samansa ta ragu, gaba ya sandare, sil, wato robar da ke hana mai tsiyaya, ya fashe. Kafin a sa sabon sil a shafa yatsa a jikin sandar: in akwai tsatsa ko kaushi, cikin kwanaki zai yanka shi, man ya gangaro kan burkin gaba. A ƙasarmu mai ƙurar hunturu, robar nan mai lanƙwasa da ke rufe sandar ta fi kuɗinta amfani.

A kasuwa kada ƙyalli ya ruɗe ka. Shok na gaske mai ƙaramar kwalba a gefe iskar naitirojin ce a cikinta, tana hana mai kumfa in ya yi zafi, shi ya sa ba a huda shi ba a kuma kusantar da shi wuta. Amma akwai masu araha da kwalbar tasu ado ce, babu abin da ya haɗa ta da cikin shok. Sunaye irin su YSS na Tailan, da KYB da Showa na Japan, da Gabriel da Endurance na Indiya sanannu ne, saboda haka ake buga su a kan jabu. In mai shago ya yarda a zare sifirin, ka ja sandar da hannu. Nagari yana jan hannunka a hankali tun daga farko har ƙarshe, kuma ya fi tauri wajen fitowa. Na banza zai zame fuu, ko ka ji gurbin iska a tsakiya.

Wani lokaci ma laifin ba na shok ba ne. Ɗaga tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa, bushin hannun da ke riƙe ta ne ya cinye, ko boris, kuma sabon shok ba zai hana babur yawo a hanya ba. Iskar taya da ta yi yawa ita ma tana sa a ji kowane dutse.

Wajen ɗaurawa, a sa notunan sako-sako, a sauke babur a kan tayoyinsa, a danna shi sau biyu ko uku, sannan a ƙulle. In aka ƙulle yana rataye, robar bushin za ta murɗe da zarar an hau, ta yage da wuri. A duba saitin fitilar gaba, don tsayin baya yana sauya inda take haskawa, sannan a sake bin notunan da sifana bayan tafiyar kwana biyu.