Yadda ake zagaya gidan gonar George Washington daga wayarka

Mount Vernon, gidan shugaban Amurka na farko, yana bakin kogin Potomac a jihar Bajiniya, kuma ana iya shiga ɗaki-ɗaki ta intanet kyauta. Ka rubuta "Mount Vernon virtual tour" a Google, ka zaɓi shafin gidan tarihin kansa.

Kafin ka fara, ka nemi wurin da sabis ke da ƙarfi, ka kwantar da wayar a kaikaice. Hotunan masu juyawa ne ta kowace fuska, suna da nauyi. In hoto ya fito dishi-dishi, bai gama sauka ba ne. Ka dakata kaɗan, kada ka sake loda shafin, don hakan na ƙara cin data. Da yatsa ake jan hoto a waiwaya, kibiya ke kai ka gaba, alamomin da ke kan kayayyaki kuma bayani ne ko bidiyo. Bidiyon ne ke cinye data.

Gidan ɗakuna 21 ne, kada ka ce sai ka gama a zama ɗaya. Fara da zauren tsakiya, inda aka rataye mabuɗin kurkukun Bastille na Faransa, wanda Lafayette, janar ɗan Faransa kuma abokin Washington, ya aiko a 1790. Sai ka hau bene zuwa ɗakin da Washington ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1799. In ka fito, ka matso da hoton bango sosai: kamar dutse, alhali katako ne aka sassaƙa, aka watsa masa yashi tun fenti bai bushe ba.

Gonar ce ta fi cancantar lokacinka. Nemi rumbun casa mai gefe 16, wanda aka sake ginawa bisa tsarin na asali. A hawa na sama ake shimfiɗa alkama, dawakai su yi ta zagaye suna tattake ta. Ja hoton ƙasa ka dubi daɓen: akwai rata ta inci ɗaya da rabi tsakanin katakai, ta nan ƙwaya ke zubowa hawa na ƙasa, kara ya tsaya a sama, ruwan sama bai taɓa ta ba.

Daga nan ka wuce makwancin bayi. Mutum 317 ne ke bauta a wannan gandu a 1799, su ne suka yi noman da ginin. Ka dubi gadajen katako da ke jere, wani bisa wani.